Kaset ɗin gem sun cinye mini ɗaki: wanne zan bari, wanne zai fita?

Ɗan_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Bayan sallah in Allah ya kai mu zan tare, gidan haya ne ciki da falo, kuma kun san kayan amarya ba sa raga wa kowa wuri. Tun zamanin PS2 (PlayStation 2, na'urar gem ta Sony) nake tara kaset, ban taɓa sayar da ko guda ba. Yanzu ina da PS2, PS3, PS4 da PS5, ga kwali uku cike da kaset, ga hannuwa da wayoyin da ni kaina ban san na wace na'ura ba ne. Abin da na yanke shi ne duk wasan da ban kunna ba a shekarar da ta wuce ya fita. In bar PS5 kawai da kaset kamar goma, in na yi marmarin wani nan gaba sai in saya a PlayStation Store. Akwai wanda ya taɓa rage kayansa haka? Sauƙi ya samu ko nadama?

Abba_PES:
Wa alaikumus salam ango. Allah ya sanya alheri. PS2 ɗin nawa za ka saki? 😂

Tsohon_Hannu:
Abba, mutum ya zo neman shawara kai ka zo cin kasuwa. Ɗan Gwale, Allah ya ba da zaman lafiya. Rage kaya abu ne mai kyau, amma maganarka ta ƙarshe ita ce ban yarda da ita ba, wato "in na yi marmari zan saya a Store". Wa ya ce maka za ka same shi? PS5 tana karɓar kaset ɗin PS4, amma ba ta karɓar na PS3 balle na PS2. Wasannin PS3 kuwa ba a sauke su a PS5, sai dai a buga ta intanet kai tsaye a babban matakin PS Plus (rajistar da ake biyan Sony kuɗinta), wanda ba kowace ƙasa ake ba shi ba, kuma da irin sabis ɗinmu ko an ba ka ba za ka ji daɗinsa ba. A 2021 Sony ta ba da sanarwar rufe shagon intanet na na'urorinta PS3 da Vita, sai da mutane suka yi ca sannan ta janye, amma na PSP ya tafi a shekarar. Nintendo ta rufe na 3DS da Wii U a Maris 2023. Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yuli 2024. Ka fitar da kaset yau, gobe ka nema da kuɗinka a hannu ka rasa.

Ummi_Switch:
Ni kuma ina bayan ango. Yaya Tsohon Hannu, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma tambayar ita ce yaushe rabon da ya kunna PS3 ɗin? Mutum ya ajiye abu shekara da shekaru yana cewa wata rana, wata ranar ba ta zuwa. Ni da na koma makaranta na raba duk kayana, na bar Switch da wasa huɗu. Abin mamaki sai a lokacin na fara kai wasa ƙarshe. A da in na zauna rabin lokacin a zaɓe yake tafiya, in kunna wannan minti goma in cire in saka wancan, kafin in ankara an ɗauke wuta.

Mai_Shagon_Gem:
Bari in yi magana a matsayin wanda wannan ce sana'arsa. Alhaji ango, buɗe kwalayen nan ka ƙirga nawa ne FIFA da PES a ciki. Na rantse za su kai kashi ɗaya cikin uku. Waɗannan su ne tarkacen, da su za ka fara. Wasan ƙwallo shekara guda yake rayuwa, da sabo ya fito tsohon ya zama marfin kofi. Kamfanin ma yakan kashe masa intanet bayan 'yan shekaru. Ko a nan shago in yaro ya kawo mini FIFA 18 ba na saya, sai dai in karɓa a matsayin gyara a kan wani cinikin. Ka fitar da su gaba ɗaya ba tare da ka waiwaya ba.

Abba_PES:
Oga a'a. FIFA ka ce, na yarda. Amma kar ka haɗa da PES 2013 da PES 2017 da PES 2021. Tun da Konami ta koma eFootball a 2021 ba ta sake fitar da PES a kaset ba, shi ya sa na 2021 har yanzu ake nemansa. Mutane suna saka masa faci su sabunta 'yan wasa da riguna, Master League ɗinsa (sashen da kake riƙe ƙungiya kaka bayan kaka) kuma har gobe babu kamarsa.

Mai_Shagon_Gem:
Wannan kam na ba ka. PES 2021 yana da kasuwa. Sauran dai ba su da ita.

Ɗan_Gwale:
Oga na je na duba, kunya ta kama ni. Daga FIFA 12 har FIFA 23 babu wanda babu, sannan ga FC 24 a kai. Waɗannan kam sun tafi.

Injiniya_Kawo:
Akwai abin da ba a taɓo ba, shi ne data. Wannan ra'ayi na a zubar da kaset a koma saukewa daga intanet, mutanen da suke da intanet marar iyaka a gida ne suka kawo shi. Bature zai goge wasa mai gigabayit 100 yau, jibi ya sake sauke shi kafin ya gama shan shayi. Kai fa? Gigabayit 100 kuɗi ne na gaske, ga sabis yana yankewa, ga NEPA. Kuma PS5 ta farko da aka rubuta mata gigabayit 825, abin da ake iya amfani da shi bai wuce 667 ba. Manyan wasanni shida ko bakwai sun cika ta. To in ta cika dole ka goge, in ka goge dole ka sake saya wa wasan data. Mai kaset kuwa zura shi kawai zai yi, ya kwafe kansa ba tare da ko sisi ba. A ƙasar nan kaset shi ne ma'ajiyarka mafi arha.

Zinder227:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Injiniya, maganarka haka take har nan wajenmu, amma in ƙara gyara kaɗan. Ba kowane kaset ne ke ɗauke da wasan ba yanzu. Call of Duty Modern Warfare II na 2022, abin da ke cikin faifan bai kai megabayit 100 ba, sauran duka sai ka sauke. Switch 2 da ta fito a 2025 ma tana da wasu katunan da mabuɗi ne kawai a ciki, wasan yana intanet. Irin waɗannan ajiye su ba ya tsare ka daga komai. In ni ne, wurin tantancewa zan tambayi kaina: in na cire intanet na zura wannan kaset, zai yi wasa daga farko har ƙarshe? In zai yi, ya cancanci wuri. In ba zai yi ba, kwali ne kawai.

Injiniya_Kawo:
Ɗan Damagaram ka yi gaskiya, wannan ma'aunin ya fi na "ban kunna ba a bara". God of War, The Last of Us, Uncharted, Red Dead Redemption 2, duk suna tafiya daga kaset ba tare da intanet ba.

Baban_Ilham:
Ni tambayata daban ce. Ango, amaryar ce ta ce a fitar ko kai ka ga dama? Domin in ita ce, mu daina wahalar da kanmu, an riga an yanke hukunci 😄

Maman_Hanif:
Baban Ilham kullum sai an jingina wa mata. Ni ce nake hana mai gidana sayar da tsohuwar PS2 ɗinsa, saboda ita yara suke bugawa. Ba ta neman intanet, ba ta neman kati, ba wanda zai shigo ya yi musu zancen banza ta cikinta, kuma ƙaramin inbata yana ɗaukarta. Ango, shawarar da zan ba ka a matsayin yayarka: kar ka yi wannan aikin kai kaɗai cikin gaggawar biki. Ka kai kwali ɗaya gidanku ka ajiye, bayan wata shida ka koma ka duba. Abin da ba ka tuna da shi ba a tsakanin nan, ka bayar. Kuma ka tambaye ta, wata ƙila ma tana bugawa.

Ɗan_Gwale:
Anti na gode. Ba ita ta ce ba wallahi, ni ne na auna falon na ga in kujeru da kabet suka shiga, ko wurin sallaya sai an yi dabara.

Tsohon_Hannu:
Ummi, na dawo kan maganarki. Ban ƙi ba, yawan zaɓi yana hana mutum gama wasa. Amma ki lura, matsalar ba ta tsaya a kaset ba. Ku buɗe asusunku ku gani. Epic, mai shagon gem a intanet, tana raba wasa kyauta tun ƙarshen 2018, mutane suna danna karɓa duk mako ba su taɓa kunna ko ɗaya ba. PS Plus na ba da nasa duk wata. Steam, ita ma mai shagon gem a intanet, in ta yi ragi sai mutum ya sayi biyar don sun yi arha. Na san masu wasa ɗari uku a asusu da ba su gama goma ba. Wannan ma tara kaya ne, sai dai ba ya tare hanya a ɗaki, shi ya sa ba mai jin nauyinsa. Wanda ya sayar da kwali uku ya koma yana tara na intanet bai rage komai ba.

Ummi_Switch:
Wannan kuma ban musa ba. Ni dokar da na sa wa kaina ita ce ba na sayen sabo sai na gama wanda ke hannuna ko na haƙura da shi gaba ɗaya. Kuma haƙura da wasa ba laifi ba ne, in bai yi maka daɗi ba ka ajiye, ba jarrabawa ba ce.

Lauyan_Gobe:
Ku bar ni in saka baki ta ɓangaren da na karanta. Abin da kuke kira saye a Store, a takarda ba saye ba ne, izinin amfani ne. Shi ya sa jihar Kalifoniya a Amurka ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa masu shagunan intanet su faɗa wa mutum ƙarara cewa lasisi yake biya, kuma Steam ta fara rubuta hakan a wurin biyan kuɗi. Misalin da kowa ke kawowa shi ne The Crew na Ubisoft, wasan tseren mota na 2014. An kashe masa na'urorin intanet a ƙarshen Maris 2024, ya daina aiki ga kowa, har da masu kaset, domin ba ya tashi sai da intanet. Daga nan ne Ross Scott ya fara gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Sai kuma namu na nan. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da PSN, tsarin asusun PlayStation, ke lissafawa, kusan dukkanmu asusun Amurka ko na Ingila muka buɗe da adireshin da ba mu taɓa takawa ba, muna loda shi da kati. Ranar da aka rufe asusun, ko aka sace shi, wa za ka kai wa ƙara, da wane adireshi?

Malam_Zazzau:
Lauya ka tuna mini wata mas'ala. In mutum ya rasu, kaset da na'ura dukiya ce, za a yi musu kuɗi a raba wa magada. To asusun fa?

Lauyan_Gobe:
Malam, a ƙa'idar kamfanonin asusu ba ya canza hannu. Steam ta faɗa a fili a 2024 cewa ba a gadar da shi ko da wasiyya. A aikace mutane suna bar wa iyalansu lambar sirri, amma wannan kau da kai ne kawai ake yi, ba haƙƙi ba ne.

Malam_Zazzau:
To ka ga wannan ma abin dubawa ne ga mai zuba kuɗi masu yawa a ciki. Amma in koma kan ango, ni ina ganin niyyarsa mai kyau ce. Abin da kake ajiye da shi ba ka amfana, wani kuma zai amfana, fitar da shi ya fi. Kuma tun da wani ya tambaye ni ta gefe: kayan da mutum ya ajiye don amfanin kansa babu zakka a kansu, sai in ya saye su ne da niyyar kasuwanci. Mai shago dai ya san kansa.

Mai_Shagon_Gem:
Malam na ji, ina fitarwa 😅 Ango, wani abu game da tsofaffin na'urorin. Ajiye su ba kyauta ba ne. Na'urar da ta shekara ba a kunna ta ba, ƙurar hunturu ta shiga, idon ya raunana, batirin hannun PS3 ya mutu ko ya kumbura, robar analog ta narke ta yi danƙo. Sau da yawa ana kawo mini wadda aka ajiye lafiya lau, an buɗe kwali an tarar ba ta karanta kaset. In za ka riƙe, ka riƙa kunna ta lokaci-lokaci, ka rufe ta da ƙyalle, kaset kuma a tsaye cikin gidajensu nesa da rana. In ka san ba za ka yi haka ba, sayar da ita tun tana da rai.

Sannan ka duba PS3 ɗinka wace iri ce. In mai ƙiba ce ta farko mai ramin USB huɗu, irin su 60GB, tana cin kaset ɗin PS2, ka ga na'ura ɗaya ta ɗauke maka aikin biyu. Kuma kowace PS3 tana cin na PS1.

Ɗan_Gwale:
Siririya ce Oga, ramuka biyu.

Mai_Shagon_Gem:
To ba ta cin na PS2. Amma PS4 kam ba ka da hujjar riƙe ta, tun da PS5 ɗinka mai cin kaset ce. Ita ce ma za ta fi kawo maka kuɗi a cikinsu. Ka kwashe sef ɗinka, wato ajiyar inda ka tsaya a wasanni, a filas kafin ka goge ta.

Kwandon_Kaset:
Ina ta karatu ina jin zafi a raina. Ku dai ku ce na cika son tsohon kaya. Kaset ɗin PS2 ɗin nan, wane irin ne? Domin mu yi wa juna adalci, yawancin abin da muka saya a Kano a shekarun nan kwafi ne, na'urar an sa mata cif don ta karanta kwafi, kaset a leda da hoton da aka buga a takarda. Waɗannan ba su da wata daraja a kasuwa, kuma su ne suka fi saurin lalacewa. Amma in akwai orijina a cikinsu, da gidansa da ɗan littafinsa, don Allah kar ka haɗa su a buhu ɗaya ka ba mai gwangwan. Wata cibiya a Amurka mai suna Video Game History Foundation ta fitar da bincike a 2023 cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a can kafin 2010 ba a sayar da su yanzu ta kowace hanya. PS2 ta sayar da sama da miliyan 155 a duniya, amma mafi yawan wasanninta ba sa cikin kowane Store. Wanda ke hannun mutane shi ne ya rage.

Ummi_Switch:
Yaya Kwando, to shi ɗakin ango gidan tarihi ne? Adana tarihi aikin cibiyoyi ne, ba na mai ciki da falo ba.

Kwandon_Kaset:
Ƙanwata ban ce ya riƙe ba. Cewa na yi ya ba wanda ya san darajarsu. Rage kaya daban, zubar da kaya daban. Ni zan karɓa, zan kuma biya.

Abba_PES:
Kun gani ko? Ni da na tambayi farashi tun farko aka yi mini caa, ga shi kowa ya biyo layi.

Zinder227:
Kwando, in za ka saya ka lura da yanki. PS2 tana da kulle, kaset ɗin Turai ba ya tashi a na'urar Amurka sai mai cif. Mu nan yawancin namu daga Faransa suke zuwa, wasu ma Faransanci kawai suke yi. Daga PS3 zuwa sama kaset ba shi da wannan matsalar, sai dai ƙarin da ake saye a Store dole ya dace da yankin kaset ɗin. Wannan ma wani dalili ne da zai sa ango ya yi tunani: wanda ya sayar da kaset na Turai ya sake sayen wasan a asusun Amurka, wani lokaci tsohon sef ɗinsa ba zai hau ba.

Baban_Ilham:
Wasa a gefe, ni na yi abin da ango ke shirin yi lokacin da aka haifi Ilham. Na sayar da komai a rana ɗaya ga wani mai shago, ya haɗa duka ya yi musu kuɗin goro, ni kuma ina sauri na karɓa. Na'urorin ban taɓa kewarsu ba. Abin da ya dame ni ƙaramin memori ne na PS2 mai megabayit 8, akwai Master League da muka yi shekaru muna bugawa da ƙanina, Allah ya ji ƙansa. Ya tafi a cikin kwalin ban lura ba. Don haka ango, ka zauna ka buɗe komai ɗaya bayan ɗaya. Abin da zai yi maka ciwo ba lallai ya zama mai tsada ko mai girma ba.

Maman_Hanif:
Allah ya ji ƙansa ya gafarta masa.

Tsohon_Hannu:
Amin. Allah ya sa ya huta.

Injiniya_Kawo:
Amin ya Allah. Sai kuma lissafin kuɗi, tun da aure ake magana. Sabon babban wasa dala 70 ne, dala kuma a 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya sayi kaset in ya gama zai iya musanye da abokinsa ko ya sayar ya cika ya sayi wani. Na Store in ka saya ka saya ke nan. Don haka ni a ganina mai son ya zauna da kaya kaɗan, kaset ne ma ya fi dacewa da shi: ɗaya ya shigo, ɗaya ya fita, kanta ba ta cika.

Ummi_Switch:
In dai yana fitar da ɗayan. Ango fa ya ce tun PS2 bai taɓa sayar da ko guda ba.

Ɗan_Gwale:
Ummi kin kama ni. Ga inda na tsaya zuwa yanzu. FIFA duka sun fita, PES 2021 ya zauna. PS4 za ta tafi. Kaset ɗin PS4 da PS5 zan bi su da ma'aunin ɗan Damagaram. Kwafin PS2 na leda zan ba yaran unguwa, orijina guda bakwai ne kacal, Kwando ka same ni ta gefe. Memori kam yana aljihuna tun da na karanta maganar Baban Ilham. Inda na kasa yanke hukunci shi ne PS2 da PS3 ɗin kansu. Hankalina ya ce su tafi, hannuna ya ƙi ɗauka.

Kwandon_Kaset:
In ka riƙe memori ka sayar da na'urar, a ina za ka zura shi?

Mai_Shagon_Gem:
PS3 ta tafi, PS2 ta zauna. Gyaranta ya fi sauƙi, kayanta suna ko'ina.

Tsohon_Hannu:
Ni kuma akasin haka zan ce. PS2 ko yaushe za ka samu wata a kasuwa, an yi su da yawa. Amma akwai wasannin da har yau ba su bar PS3 ba, kamar inFamous na farko da na biyu da su Resistance. Kuma tana da HDMI, PS2 kuwa a sabuwar talabijin hotonta sai ka tausaya mata, wasu talabijin ɗin ma ba su da ramin wayarta.

Admin_Fagge:
Jama'a masu ciniki ku koma zauren saye da sayarwa, nan na hira ne. Abba da Kwando da ku nake. Tsohon Hannu, akwai ƙaramin adafta da ke mayar da PS2 zuwa HDMI, ba shi da tsada, sai dai wani yana kawo jinkiri tsakanin danna hannu da motsin ɗan wasa. Wa ya gwada wanda ba ya yin haka?